Ashe Halawin Ba Alawa Ba Ce

Asabar, bayan azahar

Ni dai abu ɗaya nake so, Haifa ta ci abinci. Ta ci, ta yi min magana. Ko zagina za ta yi, ina so.

Na danna jan abin, ga layin yana motsi, to yana ɗauka ke nan. Ni Safara'u ban iya rubutu ba. Wayar nan zan riƙa gaya wa, tunda ita ba ta da bakin kai wa maƙwabta.

Haifa 'yata ce, ita kaɗai gare ni. Ta wuce shekara biyar kaɗan. A ɗakin nan na haife ta, nan unguwar Mansur, Larabci ma ya fi zama a bakinta, in na yi mata Hausa ta mayar min da Larabci. Yarinyar da ba ta rufe baki, har a barci tana surutu. Yanzu ga ta can a bakin ƙofa ta haɗa kai da gwiwa. Da safe ta kurɓi laban, nonon nan nasu, sau biyu ta ture kofin.

Babanta ya fita Kudai wajen wankin bas-bas kamar kullum. Bai dawo ba. Wayarsa a kashe. Ba zan yi wannan maganar yanzu ba.

Da ta dame ni da "Fen Baba, fen Baba," wato ina Baba, sai na ce mata an kai shi aiki Muzdalifa ne, gyaran wuri ake yi. Ta ce yaushe zai dawo. To ni a gidan da nake zuwa guga, jikokin matar sun zo daga Jidda suna ta tsalle suna cewa Halawin, Halawin, kowa da ledar alawa. Su halawa suke ce wa alawa. Ni me zan ɗauka? Na ce bikin alawa ne na yara. Na tambayi babbar yaushe ne, ta ce ƙarshen watan nan na Turawa. Na ga da sauran lokaci, kafin nan ai an san wani abu. Sai na ce wa Haifa Baba zai dawo ranar Halawin da alawa jaka guda.

Ta yi murna. Ta bi ɗaki-ɗaki tana gaya wa mutane.

Lahadi, da hantsi

Jiya ban ƙarasa ba, an taɓa ƙofa na kashe. Mai ruwa ne.

Hajiya Ɗaso ce ke ƙasanmu, mai masa, ita ta ba mu ɗakin nan. Jikarta Mujahida budurwa ce, kullum kanta a waya. Da Haifa ta je ta gaya mata, sai ta fashe da dariya ta ce wa ya ce miki bikin alawa ne, zo ki gani. Ta nuna mata. Ni ma daga baya na sa ta nuna min. Wayyo Allah. Mutane sun naɗe da farin ƙyalle kamar an tono su, wani da ƙoƙon kai, wani jini har wuya, ƙasusuwa suna tafiya. Ta ce mata wai ranar ce matattu ke fitowa daga kabari suna ƙwanƙwasa gidajen mutane.

Haifa ta hau sama ta same ni ina yanka albasa. Ta tsaya. Ta ce, "Ummi, Baba mat?" Wato Baba ya mutu?

Na ce a'a, wa ya gaya miki, Allah ya kiyaye. Ta ce to kira shi. Na kira, matar nan ta cikin waya ta yi maganarta ta kullum. Ta ce in sake. Na sake.

Daga nan ba ta ƙara cewa komai ba.

Ita a lissafinta ai daidai ne. Baba zai dawo ranar Halawin, ranar Halawin matattu ke dawowa. Ni na haɗa mata shi da bakina.

Litinin, bayan asuba

Ta jiƙa shimfiɗa. Rabonta da yin haka tun tana rarrafe.

Laraba, bayan la'asar

Na ɗauke ta na kai ta saidaliyya, kantin magani, wajen mutumin nan mai gemu da ba ya tambayar komai. Ya taɓa goshinta, ya leƙa bakinta, ya ce ba zazzaɓi, ba komai a maƙogwaro. Ya ba ni ruwan magani mai sa jin yunwa. Ya ce in ta kwana biyu a haka in kai ta mustashfa. Na ce to. A asibitin ai sai sun tambayi abin da suke tambaya tun daga bakin tebur, ni kuwa ba ni da takardar da zan miƙa, ita ma ba ta da shi.

Muna dawowa aka idar da salla a masallacin hanya, sai aka yi kiran sallar gawa. Garin nan ai kusan kowace salla sai an yi. Da ko juyawa ba ta yi, ta saba. Yau ta toshe kunnuwanta da hannu biyu ta durƙusa a gefen titi. Mutane suna kallo. Ni kuma ba na son a kalle mu. Na saɓa ta a kafaɗa, ba ta da nauyi ko kaɗan, wallahi kamar na ɗauki ledar kaya.

Na ce mata na yi kuskure ne, ba ranar Halawin ba ce, wata rana ce. Ta dube ni kawai. Yaro in ka canza masa magana sau ɗaya ya gama da kai.

Ina so ta ci. Dabino rabi ta ci yau. Rabi.

Alhamis, da rana tsaka

Na samu 'yartsanarta a ƙarƙashin matashi, ta naɗe ta da farin ɗankwalina, ta ɗaure kai da ƙafa da zare. Na kwance. Na dawo daga wanka na tarar ta sake ɗaurewa.

Juma'a, bayan magariba

Na nemi Yaya Baraka.

Yaya Baraka 'yar yayar innata ce. Innata ta musulunta da za ta auri babanmu, ita yayarta tana coci har ta rasu. Gida ɗaya muka tashi a ƙauyenmu can bayan Malumfashi, ita ta goye ni. Mu kai musu naman salla, su kawo mana shinkafar Kirsimeti. Mijinta ya ɗauke ta Amurka, tana aikin kula da tsofaffi. Na ce tunda abin daga can ya fito, ita za ta san kansa.

Na yi mata bayani, sai na ji tana ƙoƙarin danne dariya. Ta ce, "Safare, bikin alawa? Ke har yanzu kunnenki abinci kawai yake ji." Ni ma na yi dariya, ban san lokacin da ta juye kuka ba. Da ta ji kukan ta daina. Ta ce ina baban Haifa. Na ce ya yi tafiya. Ta ce wace irin tafiya. Na ce tafiya dai. Ta ce to ta gane, ba sai na faɗa a waya ba.

Ta ce ba wani matacce da ke fitowa, mutane ne da kayan kanti, yara su bi gida-gida a ba su alawa. Ta ce ashe ma ban yi nisa da gaskiya ba. Ta ce akwai Kiristoci da yawa da ke yi, suna cewa wasa ne kawai, amma ita ba ta yi, mutanen cocinsu ma yawanci ba sa yi. Ta ce, "Mu da muka gaskata an ci nasara a kan mutuwa, me zai sa in sa wa ɗana kayanta?"

Ta ce shekarar da suka je, ɗanta Sami ya buɗe ƙofa ya ga mai fuskar ƙwarangwal, sai da ya yi sati ba ya shiga bayi shi kaɗai. Ta yi masa bayani har ta gaji, bai ji ba. Ta ce yaro ba a cire masa rana daga kai da baki, sai dai a zuba masa wani abu a cikin ranar. Ta ce lokacin aikinta ya yi, za ta turo min saƙon murya.

Asabar, da safe

Saƙon ya zo, dogo, na saurara sau uku.

Ta ce su a daren, a coci ake haɗuwa a kunna fitilu ko'ina, su ce masa bikin kaka. Ta ce in tuna godiyar kaka a cocin ƙauyenmu, da ake kawo damin dawa da gyaɗa da kaji a tara a gaba, to kusan haka, sai dai da wasannin yara. Wasu iyaye su jera motoci a harabar coci, kowa ya buɗe bayan motarsa ya cika da alawa, yara su zaga, ba sai sun bi gidajen da ba su sani ba. Wasu kuma ba sa fita, sai su yi zamansu a gida su soya abu, kowa ya faɗi abin da yake gode wa Allah a kai. Ta ce kabewa ma, maƙwabtanta hudawa suke yi su yi mata haƙora su ajiye a ƙofa har ta ruɓe, ita kuwa ta saya ta yi miyar taushe, ta ce ba za ta iya kallon wannan asara ba.

Yara kuma suna shiga, amma ba shigar tsoro ba. Manomi, makiyayi, likita. Wasu su yi shigar Musa ko Dauda. Nan na ce a'uzubillahi ni kaɗai a ɗaki, mu ai ba a siffanta Annabi.

Sai ta zo kan na ƙarshe. Ta ce bara jirgin Nuhu suka yi. Aka haɗa jirgi da kwalaye, kowane yaro ya zaɓi dabba, aka yi masa kunnuwa da jela. Suna shiga bibbiyu, kowa da kukan dabbarsa. In an gama shiga a rufe ƙofa, manya su yayyafa musu ruwa, su kuma suna ciki suna cin abinci. Sai a buɗe, kowa ya fito da ransa.

Kowa ya fito da ransa. Nan na riƙa maimaitawa.

Annabi Nuhu ai namu ne mu ma. Baban Haifa yana ba ta labarin, ita ke tambayarsa ko sauro ma ya shiga.

Lahadi, bayan azahar

Ta sha kunu rabin kofi. Na juya baya kamar ban gani ba, don in ta ga ina kallo sai ta ajiye.

Talata, bayan azahar

An ji takalma a matakala, masu nauyi, ba irin na gidan nan ba. Na kashe mukayyif, na'urar sanyin nan, na rungume Haifa a bayan ƙofa. Suka wuce sama, suka sauko, suka fita. Wai masu gyaran tankin ruwa ne. Ban je guga ba yau.

Abin da ya tsaya min, duk tsawon lokacin ba sai na rufe mata baki ba. Da can da sai na rufe.

Alhamis, bayan la'asar

Issoufou ya zo. Mutumin Nijar ne, tare suke wanki da baban Haifa, shi yana da iƙama, takardar zama. Bai shigo ba, a matakala ya tsaya yana kallon ƙasa. Ya ce ranar da abin ya faru shi yana can ƙarshen layi, ya dai ga farar mota, ya ga ana tsayar da mutane. Wannan na riga na sani. Ya ce amma wani ɗan garinsu da aka sako ya ce ya ga wani dogo mai tsage a kumatu, Bakatsine, a babban gidan nan na hanyar Jidda inda ake tara waɗanda aka kama, yana jan mutane salla. Na ce sunansa fa. Ya ce bai riƙe suna ba.

Dogo mai tsage. Katsinawa dogaye masu tsage ai sun cika garin nan. Amma jan salla halinsa ne, ko mutum biyu ya gani sai ya shiga gaba.

Na ce in shi ne, sai yaya. Ya ce in an gama da su jirgi ake saka su, kowa ƙasarsa. Ya ce in yi haƙuri, yana ci gaba da tambaya. Ya ajiye ledar tamis, burodin nan nasu, a kan matakala ya tafi.

Zan iya gaya wa Haifa? In ta warware bakinta ta bi ɗaki-ɗaki da wannan fa? Gidan nan ba kowa na sani ba. In kuma ba shi ba ne?

Ina so ta ci. Shi ke nan abin da nake so.

Asabar, da hantsi

Awarwaronta ya zame daga hannu ya faɗi da kansa.

Lahadi, bayan la'asar

Na sauka wajen Hajiya Ɗaso, tana wanke tanda. Na ce ina roƙon saman bene ranar Juma'a, da yaran gidan nan, awa ɗaya. Na yi mata bayani. Wautata, sai na ce daga wajen Yaya Baraka na ji, a cocinsu ake yi.

Ta ajiye tanda. Ta ce, "Ke 'yar nan, kanki ɗaya? Abin coci, a garin nan, a saman gidana? Ke da ko tari ba kya so a ji kin yi?"

Na ce Hajiya jirgin Annabi Nuhu na coci ne? Ta ce kar in kawo mata wayo, ranar fa, ai ranar bikin nasu ce. Na ce ba bikinsu zan yi ba, su ma masu cocin gudun bikin suke yi. Na ce ranar tana zuwa ko na so ko ban so ba, yarinyar nan tana zaune tana jiran gawar ubanta ta ƙwanƙwasa mata ƙofa, ni kuma ba ni da abin da zan sa mata a gaba.

Ban taɓa faɗin haka a fili ba. Da na faɗa sai na zauna a kan buhun shinkafa.

Hajiya ta ƙwala wa Mujahida kira, ta zage ta tas a gabana, ta ce ga abin da wayarki ta jawo. Yarinyar ta yi ta kuka tana cewa wasa take yi. Sai Hajiya ta kafa min sharaɗi. Ba kiɗa. Ba wanda zai zama Annabi. Ba wanda zai ambaci sunan bikin nan. Kafin kiran magariba kowa ya sauko. In an tambaya, labarin Annabawa ake koya wa yara, kuma gaskiya ne. Ta ce masa tata ce, kar in sayi komai.

Na ce ita wace dabba za ta zama. Ta dubi jikinta ta ce ita giwa ce ko ba kwali.

Talata, da yamma

Mai baƙala, kantin layinmu, ya ba ni kwalayen ruwa da na indomi, ya ce ƙaura za ki yi? Na ce a'a, wasan yara.

Na zauna a tsakar ɗaki ina yanka kunnuwa. Ban ce mata komai ba, ni kaɗai nake magana. Na ce wannan na zomo ne, oho, ya yi kama da na jaki. Na ce raƙumi kuma yaya za a yi da tozonsa, sai dai matashi. Na ce ranar Juma'a jirgi zai tashi a saman bene, duk dabbar da ta zo za ta shiga.

Ta bar bakin ƙofa. Ta matso har gefen tabarma. Na ajiye kunnuwan zaki da na zomo da na kyanwa na tashi na shiga kicin. Da na fito, na kyanwa ba sa nan.

Na tura wa Yaya Baraka hoton sauran. Ta ce zakina kamar wanda ya sha duka. Ta ce ta sa matan cocinsu suna yi wa Haifa addu'a, ba ta faɗi garin ba, ta ce kawai 'yar ƙanwarta. Ta ce ko na ji haushi. Na ce haushin me, ni yanzu duk wanda zai roƙa mata Allah ya roƙa.

Alhamis, bayan isha

In gobe ta ƙi hawa fa. In ta hau ta ga yara da fuskokin kwali ta ɗauka matattun ne. Na fasa rufe wa kowa fuska, kunnuwa kawai da jela. In wani ya leƙo daga benen da ke kallonmu fa.

Yau ko laban ba ta taɓa ba. Tana ta kallon ƙofa.

Juma'a, bayan magariba

Bari in zauna.

Tun safe ta ƙi barin bayana, ta riƙe min zane. Ko motsi aka yi a matakala sai ta ƙanƙame ni. Bayan la'asar na ce zo mu hau. Ta ƙi. Na ce to ni zan hau, kyanwa ce kawai babu a jirgin. Na fara hawa a hankali. Sai na ji takunta a baya. Ta sa kunnuwan, ɗaya ya karkace.

Rana tana nan fes, ba inda duhu yake. Mun jera kwalaye kamar kwalekwale, mun shimfiɗa tabarma a ciki, ga faifan masa da zuma a tsakiya, ga alawa a kwano. Ƙofar jirgin wani babban kwalin firij ne. Yaran gidan duk sun hau, har da na gidan kusa waɗanda ban gayyata ba. Hajiya Ɗaso ta zauna a kujera ta ba da labarin, Hausa tana haɗawa da Larabci, ta ƙara abin da babu, wai kura ta nemi a ba ta wuri kusa da akuya aka hana ta. Yara suna ta dariya. Haifa ba ta yi ba, amma ta saki zanena.

Aka fara shiga. Raƙumi ya shiga tozonsa ya faɗi. Zaki ya yi kukan jaki. Hajiya ta tashi da ƙyar ta shiga tana cewa a matsa wa giwa. Haifa ce ta ƙarshe. Ta shiga ta tsaya daga bakin ƙofa, ba ta zauna ba.

Na ɗauko gorar ruwan da na huda wa murfi. Na ce to kowa ya shiga, za a rufe, ruwa zai sauko. Na kama kwalin firij ɗin na fara ja.

Sai ta sa ƙafa ta tare.

Ta ce, "La. Baba lissa barra."

Muryar ta shaƙe don daɗewa, amma kowa ya ji. Baba yana waje har yanzu. Ba ta ce ya mutu ba. Ta ce yana waje.

Na durƙusa a gabanta da gorar a hannuna. Ban shirya ba, wallahi ban shirya ba, ga yaran mutane, ga tagogin benen can a buɗe. Na yi mata da Hausa a kunne, na ce Haifa, Baba bai je Muzdalifa ba, ƙarya na yi miki. Kama shi aka yi don ba shi da takardar zama. Yana wani gida da mutane da yawa, wani ya ce ya gan shi yana jan salla. Za a sa shi a jirgi a kai shi garinmu, inda kakarki take. Yau ba zai zo ba. Matattu ma ba sa zuwa, ba yau ba, ba kowace rana ba.

Ta ce jirgi irin wannan? Na ce a'a, na sama. Ta ce ana ba shi abinci? Na ce ana ba shi. Ban sani ba, amma na ce ana ba shi.

Ta ce to kar a rufe ƙofar.

Hajiya daga ciki ta ce a bar ta a buɗe mana, dama giwa zafi take ji. Na ɗaga gorar na yayyafa musu, yara suka hau ihu, ruwa yana shiga ta ƙofa yana jiƙa tabarma. Haifa ta zauna a bakin ƙofar, rabi ciki rabi waje. Zomo ya miƙo mata masa.

Ta ci. Ta ci ɗaya, ta karɓi ta biyu. Ta uku ta raba, ta ci rabi ta riƙe rabi a hannu har muka sauko.

Ga ta nan tana barci da kunnuwan a kai. Da za ta kwanta ta ce min masar Hajiya gishiri ya yi yawa.

Asabar, da hantsi

Ta tashe ni da surutu. Ta sha kunu, ta ci tamis. Kafin in ɗaura ɗankwali ta sauka ta gaya wa mai ruwa Babanta yana wani gida zai hau jirgin sama. Dama na san haka za a yi. Zuwa gobe duk layin nan ya ji.

Da ta hau ta ce min, "Ummi, in can za a kai shi, mu me muke jira a nan?"

Tun jiya ni ma nake yi wa kaina wannan tambayar. Ni ban zo garin nan don in zauna a bayan ƙofa da mukayyif a kashe ba. Har yanzu ban tabbata dogon nan shi ba ne. Amma in shi ne, hanyar da ya bi ita ce kaɗai mu ma muke da ita, gara mu je da ƙafarmu mu miƙa kanmu, mu ce ga mu, da a zo a same mu a matakala tana gani. Tsoro nake ji, kar wayar nan ta ɗauka ba na ji. Ban san kwana nawa ake yi a gidan ba, ban san abin da za ta ci a can ba.

Issoufou zai raka mu har inda zai iya tsayawa, shi na fara gaya wa. Na gaya wa Hajiya Ɗaso, ta zage ni, ta yi kuka, ta ce za ta soya mana masa ta hanya. Na gaya wa Yaya Baraka, ta ce za ta kira mutanen gida su san muna tafe. Haifa ma na gaya mata. Ta ce in sa mata kunnuwan a sama-sama cikin jaka, kar su lanƙwashe.